Yaron da ya tambaye ni ko dainoso ya shiga jirgin Nuhu

Sati uku kenan da abin ya faru amma har yanzu bai bar raina ba, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta. Ni malamar makarantar Lahadi ce a nan Zuru, ajina na 'yan shekara 8 zuwa 12 ne, in an sallami yara daga babbar sujada sai mu koma gindin dogon yaron da ke bayan coci mu jera benci, wanda bai samu wuri ba ya zauna a kan silifas ɗinsa. Darasin ranar Nuhu ne. Na ba su labarin yadda na saba, tsawon jirgi kamu 300, faɗi kamu 50, tsayi kamu 30, ruwa kwana 40 dare da rana, an saki hankaka, an saki kurciya ta dawo da ɗanyen ganyen zaitun a baki, ga bakan gizo. Ina shirin ɗauko waƙa kenan sai wani yaro ɗan aji biyar wanda ba ya cika magana ya ɗaga hannu.

"Malama, dainoso ma ya shiga?"

Aji ya ɗauki dariya. Wata ta ce a wayar yayansa ya gani. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa da yatsu, kunya ta kama shi, kuma wannan sunkuyon na san shi sarai domin ni ma na taɓa yin sa. Ina 'yar shekara 10 na tambayi malaminmu na lokacin, na ce tunda Kayinu ya kashe Habila kuma su kaɗai ne, to wa ya aura? Ya ce wannan tambayar Shaiɗan ce, ya sa ni durƙusa a kan tsakuwa har aka tashi. Ban ƙara ɗaga hannu a coci ba har na gama sakandare. Sai da na girma ina karatu da kaina na tarar a Farawa 5:4 an ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya maza da mata, ashe da ya buɗe sura ɗaya gaba ya nuna min da an wuce wurin. Na yafe masa tuntuni, shi ma haka aka koya masa, amma na yi wa Ubangiji alkawari ba yaron da zai durƙusa a ajina saboda ya yi tambaya.

Don haka na ce kowa ya yi shiru, na ce wa yaron tambayarka mai kyau ce ɗana, zan ba ka amsa a gaban kowa mako mai zuwa. Na dawo gida da ita a kai.

Gaskiya ba wannan ne karo na farko da zancen ya shigo gidana ba. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurinmu yana SS3, a bayoloji an kai su babin juyin halitta, wato bayanin cewa halittu sun riƙa canjawa a hankali cikin dogon zamani, na su Lamarck da Darwin, yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya. Wata rana da dare ina tankaɗe garin dawa ya zo ya tsaya a ƙofar kicin da littafinsa a hannu ya ce "Mama, wanne zan rubuta a jarrabawa, wanne kuma zan gaskata?" Yaron da ke buga ganga a ƙungiyar matasa, bai taɓa fashin sujada ba. A ransa ya riga ya yanke cewa dole ɗaya ƙarya ne, ko malamin bayoloji ko Baba Fasto, kuma mu ne muka sa masa wannan tunanin tun yana ƙarami ba tare da mun lura ba.

Ga yadda muke yi. Muna koya wa yara abubuwa da yawa da sunan Littafi Mai Tsarki alhali ba sa ciki. Hoton da muke liƙawa a allo Adamu da Hawwa'u Turawa ne jajur, Hawwa'u riƙe da tuffa, nassi kuwa bai ce tuffa ba, 'ya'yan itace kawai ya ce. Muna cewa dabbobi bibbiyu suka shiga jirgi mu tsaya nan, alhali a Farawa sura 7 masu tsarki bakwai-bakwai aka ce. Babba a ciki shi ne zancen duniya shekararta 6,000. Na yi shekaru ina faɗin haka da ƙarfina ina zaton aya ce. Ashe lissafi ne na wani babban bishop a ƙasar Ayaland, James Ussher, wanda a 1650 ya bi jerin zuriya da shekarun sarakuna ya fitar da cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, daga baya masu buga littafi suka riƙa sa lissafin a gefen shafi har mutane suka ɗauka nassi ne. Mutum ne mai ilimi da tsoron Allah, amma lissafinsa lissafin mutum ne. To yaron da aka ce masa Allah ne ya ce 6,000, ran da ya shiga aji aka ce masa masu binciken duwatsu sun auna sun samu wajen shekara biliyan 4 da rabi, me kuke so ya yi? Wani ya rufe kunne ya tsani karatu, wani ya bar coci shiru ba sallama, ni kuma duka biyun suna min ciwo.

Zafin rigimar nan ma yawancinsa daga Amurka aka yo mana jigilarsa. Darwin ya fitar da littafinsa a Ingila a 1859, amma can Amurka ne abin ya zama na kotu da siyasa, a 1925 a jihar Tenesi aka gurfanar da wani malamin makaranta John Scopes aka ci shi tarar dala 100 saboda koyar da juyin halitta. Yanzu bidiyoyin da yaranmu ke gani a Facebook da TikTok ɓangare biyu na wancan faɗan ne, wannan ya ce duk mai imani jahili ne, wancan ya ce duk masanin kimiyya arne ne, yaro ɗan Zuru yana tsakiya da data ta naira 200.

Abin da ba a gaya musu shi ne Kiristoci masu riƙon bangaskiya da gaske sun daɗe suna da fahimta daban-daban a kan kwana shidan nan da Farawa ta ce Allah ya yi halitta a cikinsu. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ne daga inda ake kira Aljeriya yanzu, ya rasu a shekara ta 430, fiye da shekara 1,400 kafin littafin Darwin, shi bai ɗauki kwanakin a matsayin irin namu na awa 24 ba, har ya gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗin shirme game da sama da ƙasa da taurari a gaban marasa bi da suka san abin, don kada a raina Littafin saboda su. Gregor Mendel da ke cikin littafin bayolojin yaron nan namu, mai gwajin gādo da shukar wake, ai limamin coci ne a gidan sufaye. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bayanin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi daga wani mafari, Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam. Da na karanta wa ɗan ƙanwata waɗannan sai ya ce "Mama me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba?"

Ko a cikin gidana ba bakinmu ɗaya ba. Maigida yana kan kwana shida cur, safiya da maraice kamar yadda aka rubuta, ya ce Allahn da ya ta da Yesu daga matattu me zai gagare shi, kuma ina girmama wannan ƙwarai. Ni kuma abin da ya tsaya min shi ne rana da wata sai a kwana na huɗu aka yi su, to kwana ukun farko da me aka auna? Ga kuma Zabura 90:4 da 2 Bitrus 3:8 inda shekara dubu take kamar kwana ɗaya a wurin Ubangiji. Ni na fi karkata ga cewa Farawa ta zo ta gaya mana wane ne ya yi, da dalilin da ya sa ya yi, da matsayinmu a gabansa, ba ta zo da agogo ba. Mun sha yin wannan muhawarar a kan tabarma bayan tuwon dare, mu gama mu riƙe hannu mu yi addu'a mu kwanta.

Akwai kuma ɓangaren juyin halittar da muke gani da idonmu muna musun sunansa kawai. Muna yara in zazzaɓi ya kama ka kulorokwin za a ba ka, ka sha ƙaiƙayi ka warke. Daga baya ya daina aiki har wajen 2005 gwamnati ta canja zuwa wasu magungunan, dalili kuwa ƙwayoyin cutar da suka iya jure maganin su ne suka rayu suka hayayyafa har suka mamaye. Sikila ma haka, coci-coci da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, kuma abin da ya sa AS ya yi yawa a ƙasashenmu shi ne mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani yana yaro, sai ya girma ya haifa ya bar wa na baya. Wannan shi ne abin da littafin bayoloji ke kira zaɓin yanayi. Inda ake rabuwa shi ne asalin mutum, kuma a nan ma ya kamata mu faɗi gaskiyar abin da masanan ke cewa, ba su ce biri ne ya haifi kakanka ba, cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa tushe can baya miliyoyin shekaru. Ka yarda ko kada ka yarda, amma kada ka yi musu ƙage a gaban yara, doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur, ba ta ware Darwin ba. Ni dai abin da ba na sassautawa shi ne mutum an yi shi cikin kamannin Allah, numfashin da ke cikinsa daga Allah ne, ba hatsari ne ya kawo shi ba.

Kafin Lahadi na je na sami Baba Fasto don ban so in yi gaban kaina. Na rusuna na gaishe shi na kwashe komai na faɗa masa. Shi ma mutumin kwana shida ne kamar maigida. Ya yi shiru ya daɗe yana juya tabarau a hannu, sannan ya ce "'Yata, ki raba musu abin da Littafi ya faɗa da abin da mutane suka faɗa, kada ki cakuɗa, sauran kuma ki bar wa Ruhu." Ya tuna min Luka sura 2, Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali yana zaune tsakiyar malamai yana saurare yana yi musu tambayoyi, ba wanda ya kore shi.

Da Lahadi ta zo na kira yaron gaba. Na ce Littafin Farawa bai ambaci dainoso da suna ba, kalmar ma sai a 1842 wani Bature a Ingila ya ƙirƙiro ta. Na ce amma dabbobin gaskiya ne ba fim ba ne, an tono ƙasusuwansu a nan maƙwabta cikin hamadar Nijar har akwai wanda aka sa wa suna Nigersaurus, kuma a ƙasar Sakkwato an samu ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin ƙadangare wadda aka raɗa wa suna daga garin Goronyo, domin a wani zamani teku ne ya rufe wajen. Nan fa idanu suka buɗe, teku a Sakkwato! Na ce masana sun ce dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce tun babu mutum, akwai kuma Kiristoci da suke ganin 'yan ƙanana ne Nuhu ya shigar, Baba Fasto yana da tasa fahimtar ni ma ina da tawa, ni a ganina sun riga sun ƙare kafin Nuhu, amma dukanmu mun yarda wanda ya yi su shi ne ya yi ku.

Sai hannuwa suka fara tashi ta ko'ina. Wata yarinya cikin waɗanda iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Danko-Wasagu saboda 'yan bindiga ta tambaya a hankali, ta ce yaran da ba su shiga jirgi ba fa, su me suka yi? Wannan ta fi ta dainoso nauyi nesa ba kusa ba. Na jawo ta jikina, na ce tambayar nan manya ma suna kuka da ita a gaban Allah, za mu zauna ni da ke. Mun zauna bayan an tashi, kuma za mu ƙara.

Lahadin da ta wuce muka koma Farawa sura 2. An yi ruwa daren Asabar, na aiki manyan su ɗebo laka daga bakin rafi a tsohon bokitin fenti, na ce kowa ya gina abin da yake so. Masu saniya da tozo, masu kaza, wani ya yi babur. Da suka gama na ce to kowa ya hura wa nasa numfashi ya tashi. Suka dage suna ta hurawa kumatu a kumbure, laka a goshi laka a rigar coci, na san iyaye za su neme ni. Ba abin da ya motsa. Na buɗe aya ta 7 na karanta musu yadda Ubangiji Allah ya siffata mutum daga turɓayar ƙasa ya hura masa numfashin rai a hanci, na ce kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ji yadda yake hawa yana sauka. Tsit, har kukan kurciya a kan dogon yaro muna ji.

Yaron nan nawa dainoso ya gina, mai dogon wuya, ya sa masa tsinken tsintsiya a ciki don kada wuyan ya karye. Da za a tashi ya zo ya tsaya a gefena yana riƙe da shi a tafin hannu biyu, ya ce "Malama, in tafi da shi gida in shanya?" Na samo masa murfin kwali ya ɗora a kai.