Digirin kiɗa da abin da na tarar a sutudiyo

Ƙarshen watan nan zan bar sutudiyon da na daɗe ina haɗa kiɗa a cikinsa a Kano. Ƙannena masu neman gurbin karatun kiɗa a jami'a sun yi ta tambayata ko takardar digirin nan tana ciyar da mai ita. Tana ciyarwa, amma akwai babban giɓi a cikinta, kuma ta giɓin nan aka cuce ni.

Sashen kiɗa na farko a jami'o'in Najeriya an buɗe shi ne a Nsukka a 1961, kuma har yau yawancin masu irin wannan karatu Kudu suke tafiya. Ni ma can na yi nawa. An koya mana karanta kiɗa a rubuce, da jituwar muryoyi, da fiyano, da tarihin kiɗan Turai da na Afirka. Kunnena ya buɗe. Mawaƙi yana buɗe baki nakan gane inda muryarsa ta zauna, in saita masa fiyano kafin ya ƙare baitin farko. 'Yan amshi uku sai in raba musu murya uku, alhali da duk layi ɗaya suke bi. Wannan daga jami'a na samo shi, ba na musu.

Amma a shekara huɗun nan ba a taɓa ajiye mana takardar yarjejeniya a gabanmu an ce mu karanta ba.

Mai sutudiyon ya karɓe ni hannu bibbiyu. "Ɗan boko," yake kirana, ni kuma in ce Oga. Tsarin kowa ya san shi: mawaƙi ya biya kuɗin sutudiyo, Oga ya ɗan yaga maka wani abu, shi ke nan. Sai wani kiɗa da na haɗa ya fashe. Kalangu na sa aka buga mini da hannu, na ɗora a kan fiyano, na kwana ina tace shi. Ba a jima ba ya cika gidajen biki, kana jin sa a Adaidaita Sahu, 'yan mata na hawa kansa a TikTok. Da aka ɗora waƙar a YouTube da Audiomack, sunan Oga ne a wurin wanda ya yi kiɗa. Na same shi a ofis bayan la'asar, na ce, "Oga, ban ga sunana ba." Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce, "Kwamfutar ta waye? Man janareta wa yake saya?" Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har yau in na ji kiɗan a wurin biki sai in tashi in ba su wuri.

Daga baya wani lauya ya warware mini abin da ya kamata a ce na ji tun a aji biyu. A waƙa ɗaya haƙƙi kashi-kashi ne. Akwai na baitoci, akwai na kiɗan da aka tsara, akwai kuma na sautin da aka naɗa. Na ƙarshen na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne, a nan Oga yana da bakin magana. Kiɗan kuwa na wanda ya ƙirƙira ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce ba a sallama wannan haƙƙi sai a rubuce. Yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Ke nan abin da ake ba ka kuɗin shayi a kansa, gadon jikokinka ne. Akwai hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, akwai ƙungiyar MCSN mai karɓar wa masu kiɗa kuɗinsu. Malamin da ya sa muka haddace shekarun haihuwar makaɗan Jamus bai taɓa ambata ko ɗaya ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. FL Studio da Cubase, manhajojin haɗa kiɗa a kwamfuta, ka koye su da kanka tun kana makaranta, don a sutudiyo ba mai miƙo maka kiɗa a rubuce. A Kano ka san ƙa'idojin hukumar tace fina-finai kafin ka saki aiki. Waƙar siyasa ka karɓi kuɗinka kafin zaɓe. In ka haɗu da tsohon makaɗin kalangu ko mai gurmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka zauna ka saurara, domin abin da ke hannunsa babu shi a manhajar kowace jami'a.

Yanzu ƙaramin ɗaki na kama, zan buɗe nawa. Duk wanda ya shigo, ko ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, akwai takarda shafi ɗaya da za mu cike kafin a kunna makirfo: wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya biya, kason kowa nawa. Wasu mawaƙan sun ce wannan rashin yarda ne, biyu ma sun fasa zuwa. Yaron da zai koyi aiki a wurina na riga na gaya masa, duk kiɗan da ya fito daga hannunsa sunansa za a rubuta.