Yinin Asabar a Gberefu, Inda Kwakwarmu Ke Fitowa

Agege, daren Asabar, bayan sallar isha'i.

Shekara takwas ke nan ina lodin kwakwar Badagiri zuwa Kano da Gusau, amma sai yau Allah ya nufa na taka ɗaya daga cikin ƙauyukan da take fitowa. A da iyakata kasuwar Agbalata, in ƙirga kaya, in biya, in juyo gida. Kawu, dattijon da ke yi mini dillanci a can, wanda ya haura shekara talatin a garin har yana jin harshen Egun, shi ne ya dage cewa tunda azumi ya gabato kuma masu kunun aya za su fara neman kaya, gara mu tsallaka Gberefu mu yi ciniki a gindin bishiya. Na bar gida bayan asuba, na bi ta Iyana Ipaja da Iyana Iba da Agbara, ban isa ba sai wajen ƙarfe goma.

Gberefu yana kan wani siririn tudun yashi ne, ruwan Badagiri mai kwanciyar hankali ta arewa, tekun Atlantika ta kudu. Daga bakin gaɓar gari ana hango itatuwan kwakwarsa, kuma kwalekwale mai inji ya sauke mu cikin 'yan mintuna. Tare muka tsallaka da ɗaliban wata makaranta da malaminsu, da wasu baƙi biyu daga Amurka, dukkansu sun zo ganin hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa, wadda ke ƙarewa a wurin da ake kira inda ba a dawowa. Kawu ya ce tunda na zo, bai kamata in koma ban bi ta ba. Tafiyar kusan rabin awa ce cikin yashi mai cin ƙafa. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya da masu yi wa baƙi jagora ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta domin su manta gida. Na leƙa na ga ruwan ya yi kore, ganye na yawo a kai, kuma babu wanda ya yi magana a cikinmu har muka wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan hanya shi ne cewa labarin namu ne, ko da yake a Arewa ba mu cika ɗaukarsa haka ba. Daga cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko, akwai Hausawa masu yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil. A 1807 hukumomin can suka gano shirin tawaye na bayi Hausawa, sannan a watan azumin 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban tawaye a birnin Salvador, aka tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ke nan ba a manta gida ba, ko ma mene ne aka sha a rijiyar. Ta Badagiri ne kuma Bature Clapperton ya shigo a ƙarshen 1825 shi da baransa Richard Lander, ya nausa har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya mutu a 1827. A cikin gari akwai gidan Seriki Abass, mai ɗakunan tsare bayi guda 40, wanda zuri'arsa ke cewa shi kansa an kama shi bawa yana yaro kafin ya dawo ya shiga cinikin, kuma ya rasu a 1919. Wannan laƙabi na Seriki, kalmarmu ce ta sarki. Ban ji daɗin haɗuwa da ita a irin wannan ƙofa ba, amma gaskiya ba ta sauyawa don mutum bai ji daɗinta ba.

Da muka isa bakin teku, baƙin suka ɗauki hotuna, suka juya ta hanyar da suka zo. Mu kuwa muka karkata dama, kuma a nan ne na fara ganin ƙauyen kansa, wanda mai bin waccan hanya zai iya zuwa ya koma bai san da shi ba. Gidaje ne na ganyen kwakwa da aka saƙa, wasu na bulo da kwano, a warwatse ƙarƙashin inuwa, awaki da kaji na yawo kamar a kowane ƙauye namu. Mutanen wurin Egun ne da Ilaje, da kuma Ewe masu asali da Keta ta ƙasar Gana, kuma abin da ya tara su shi ne su da kwakwa.

Mun tarar ana jan taru. Tun da safe wani babban kwalekwale ya shiga teku ya zagaya da ragar, ya bar bakin igiya biyu a tudu, kowane baki da layin mutanensa, suna ja da baya da baya bisa amon waƙa, wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Akwai dattawa a ciki, akwai yara da ba su wuce shekara goma ba. Wani saurayi ya hango ni tsaye da babbar riga, ya ɗaga murya ya ce, "Mala, zo ka kama!" Na dubi Kawu, ya ce, "Ɗana, je ka, a nan duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo." Na tuɓe riga na shiga. Igiyar tana da kauri, jiƙaƙƙiya ce da ruwan gishiri da yashi, kuma duk sanda igiyar ruwa ta koma sai ka ji teku na fizgarka gaba ɗaya, har sai ka kafa diddige. Na yi kusan minti arba'in, layukan biyu suna matsowa kusa da juna sannu a hankali, har jakar ragar ta fito tana walƙiya. Nan take na tuna gayyar noma a ƙauyenmu, domin tsarin ɗaya ne: aikin da ya fi ƙarfin gida guda, sai gari ya ɗauka. An ware kason mai raga da na matuƙa, mata suka sayi mafi yawa a daro, aka miƙa mini ƙananan kifaye bakwai a ganye.

Matan nan su ne ƙashin bayan ƙauyen. A bayan gidaje suke banda, a kan murhun da aka yi da rabin ganga, kuma ɓawon kwakwa ne makamashinsu, shi ya sa kifin ke fitowa da wani ƙamshi na daban. Babu abin da ake zubarwa a jikin wannan bishiya: ganye ya zama danga da rufi, tsinken ganye ya zama tsintsiya, farin naman cikin kwakwar a tatsi mai. Mai gonar da muka yi ciniki da shi ya kafa wani ƙarfe mai tsini a ƙasa, ya caka kwakwa a kai, ya murɗa sau uku, sai ga ta tsirara. Ya koka cewa yawancin itatuwansa na kakansa ne, sun tsufa sun yi tsawo, 'ya'ya sun ragu, kuma samari sun fi son acaba a gari da hawan bishiya. Ni da nake ƙorafin tsadar kaya kullum a Agbalata, sai na ji nauyin tayin da na zo da shi a baki, na ƙara masa a kan abin da na yi niyya.

Na tambayi Kawu yadda ake barin raga da inji a bakin ruwa har gari ya waye, sai ya ambaci Zangbeto, masu gadin dare na al'adar Egun, waɗanda ke fitowa lulluɓe da ciyawa kamar bukka mai tafiya. Ba tafarkinmu ba ne, amma ya ce ɓarawo yana shakkarsu ƙwarai. Mun yi alwala da ruwan wata gajeriyar rijiya, na yi mamakin jin sa garɗi babu gishiri alhali ga teku muna jin rurinsa, muka yi azahar a inuwa, wata tsohuwa ta shimfiɗa mana tabarma ba tare da mun roƙa ba.

An ƙirga kwakwa ɗari takwas, za a tsallako da su ranar Litinin, Kawu zai haɗa da na kasuwa a yi lodi Talata. Na iso gida bayan magariba, uwargida ta soya kifayen nan bakwai, yara suka yi ta gardama a kan na ƙarshe. Tafukan hannuna sun yi bororo, da ƙyar nake riƙe wayar da nake wannan rubutu.