Asabar, ranar walimar Auta

Sha ɗaya ta wuce, kowa ya kwanta, ni kuwa maganar Yaya Babba ta hana ni runtsawa. Gara in rubuta ko na samu sauƙi.

Walimar saukar Auta ta yi kyau, alhamdulillahi. Tun asuba muke tsaye ni da Anti. Zoɓon da na jiƙa daren jiya ya ji citta da kanumfari, kunun ayar ma bai yi tsami ba duk da an ɗauke wuta tun hantsi. Sau biyu na aika a sayo ƙanƙara.

Ana idar da azahar sai ga Yaya da kiret uku na lemon kwalba a bayan mota. Irin wanda kun san na daina saye tun ƙarshen 2023 saboda kiran a ƙaurace wa kamfanonin da ake zargi da mara wa Isra'ila baya, lokacin da hotunan yaran Gaza suka fara cika wayoyinmu, ana zaƙulo su daga ƙarƙashin ɓaraguzai, fuska duk ƙura. Ban ce uffan ba, ai ba a mai da hannun kyauta baya. Na sa yara suka shigo da su, na dai ƙi sha. Shi ne ya lura da kofin zoɓon da ke hannuna.

"Ke har yanzu kina nan a kan bakanki?"

Na ce, "Ina nan, Yaya."

Ya gyara zama. Ya ce wa nake tsammani yake aiki a masana'antar, in ba 'yan uwana ba? Direban da ya ɗauko, yaron da ya sauke, Malam mai shagon bakin layi da ya sayar masa. "Kwalbarki ɗaya ba za ta tsayar da jirgin yaƙi ba. Amma in kowa ya bi ki, Malam ne zai fara kwana da yunwa, ba Bature ba."

Wallahi ta shige ni. Malam ɗin nan shi yake ba mu bashin suga in wata ya yi nisa. Na ce masa ba ni na ƙirƙiro ba, ƙungiyoyin Falasɗinawa da kansu suka yi wannan kira tun 2005, suka ce wanda ba shi da wani ƙarfi ya riƙe kuɗinsa. Ni kuma ba ni da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, jakata kawai nake da ita. Muryata har rawa take. Ya girgiza kai kurum.

Ashe Baba yana jin mu daga kan dardumarsa. Ya ce su ma an faɗa musu haka. A 1976, yana ƙaramin ma'aikaci, aka fara cire wani abu daga albashinsu don taimakon baƙaƙen fatar kudancin Afirka. A shekarar ce 'yan wasanmu suka je Montreal gasar Olamfik suka dawo ba su taka fili ba, saboda adawa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta karɓe hannun jarin BP, kamfanin man Birtaniya, saboda hulɗarsa da Afirka ta Kudu. Ya ce abokan aikinsa suna ta ƙorafi, wai me ɗan kuɗinsu zai yi wa Turawan da ke mulki a Pretoria. Shekara goma sha huɗu suka jira kafin Mandela ya fito daga kurkuku a 1990. Yau kuma ita Afirka ta Kudun ce ta kai ƙarar Isra'ila kotun duniya saboda Gaza.

Na ji kamar an sauke mini dutse. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Amma yayanki bai yi ƙarya ba a kan mai shago. Ki riƙe wannan ma." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Goggo ta tafi da ragowar waina. Auta ya yi barci da rawaninsa.

Wajen shara ne raina ya ƙarasa ɓaci. Kwalaben Yaya duk an mayar da su cikin kiret, gobe za a kai wa Malam, a wanke a sake cikawa. Abin da ya cika tsakar gida kuwa nawa ne. Ledojin da na ƙulla zoɓo, an tsotse an yar, jawur da su, har da na fiya wata da robobin abinci. Buhu biyu na tara. Iska ta riga ta kai wasu cikin kwatar ƙofar gida, kwatar da ta toshe bara ruwa ya shiga ɗakin Goggo har katifarta ta lalace. Na tsuguna na sa sanda ina zaro su ɗaya ɗaya, hannuna duk baƙin taɓo. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, mu kuma kowane taro sai mun ƙulle abin shanmu a ciki.

Lemon nan dai ba zan koma shansa ba. Na faɗa wa Anti bikin watan gobe a kula za mu zuba zoɓo, mu aro kofunan silba a maƙwabta, ko da wanke-wanken zai kai mu dare. Ta ce sai dai in ni zan wanke. Na ce na ji. Suga da aya da sabulun duk a wajen Malam zan saya, ba zan je babban kanti ba.

Yaya bai yi mini sallama ba da zai tafi. Wataƙila sauri yake. Zan kira shi da safe in yi masa ban gajiya.

Hadari ya haɗo ta gabas, bari in leƙa kwatar nan kafin ruwa ya sauko.