Abin da ƙafata ta koya a kan birkin tsofaffin motoci

Ina shekarata ta biyu a gareji a Birnin Kebbi aka kawo mana wata akori-kura Peugeot 504 mai jigilar albasa daga Aliero. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ce birkin ya yi tauri kamar dutse yake takawa, sai ya ɗago daga kujera ya danna da iya ƙarfinsa kafin motar ta tsaya. Maigidana ya fita sayen kayan gyara. Ni kuwa zumuɗin a ce na iya ya kwashe ni, na kwance masta, wato silindar da take tura man birki zuwa tayoyi, na sa dattijon ya sayo sabuwa, na ɗaura, muka bi tayoyi huɗu muna cire iskar da ke layin man birki. Rabin wuni ya tafi. Da na taka, taurin yana nan yadda yake.

Maigida da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni a kujerar direba, inji a kashe, ya ce in taka birki sau biyar, in riƙe ƙafata a kai, sannan in tayar da mota. Na yi. Ya leƙo ta taga ya ce, "To, yaro, mi ƙafarka tac ce maka?" Na ce, "Oga, ba ta ce komai ba." Ya ce amsar ke nan. Da busta, na'urar da take ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, tana aiki, inji na tashi birkin zai ɗan lotsa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Ya buɗe bonet, ya bi da yatsa tiyon da ya taso daga manifol, bututun da inji yake zuƙar iska ta cikinsa, zuwa busta, ya lanƙwasa shi kusa da baki. Sai ga tsaga ta buɗe, robar ta bushe ta farfashe kamar kaushin dunduniya a lokacin hunturu. Ya sauya tiyon, aikin da bai kai minti goma ba. Kuɗin mastar nan daga aljihunsa ya mayar wa dattijon, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, domin ribar lodi guda ce na kusa sa bawan Allah ya rasa.

A daren nan ne ya yi mini bayanin da na riƙe. Injin fetur yana zuƙar iska ta manifol, wannan zuƙar ce busta take aro ta ninka ƙarfin ƙafar direba. Injin dizal ba ya samar da isasshiyar zuƙa, shi ya sa ake ɗaura masa famfo na daban. Idan inji ya mutu ana cikin tafiya, abin da ya rage a busta bai wuce taku biyu zuwa uku ba, daga nan sai ƙarfin cinya. Shi ya sa hankalina yake tashi idan na ga direba ya kashe mota a gangare wai yana tattalin mai, ga fasinja cike a baya.

Sauran alamomin a hankali na tattara su. Birkin da ya yi laushi kamar soso, iska ce a layi. Wanda ka riƙe shi yana zamewa ƙasa sannu a hankali, alhali ba ka ga yoyo a ko'ina ba, robar cikin masta ce ta gaji. Wanda yake nisa a takun farko ya taso a na biyu, yawanci takalmin birki, wanda yake goga bangon dirom (gangar ƙarfen da take juyawa tare da taya), shi ne ya yi nesa da bangon, yana son a matso da shi. Akori-kurar 504 birkin faifai ne a tayoyin gaba, na dirom a na baya, kuma direbobi suna son a ɗaure musu takalmin sosai don birki ya tsaya a sama. Ba na yarda. Takalmin da yake goga dirom ba hutu zafi yake tarawa, kafin a kai Jega sai ka ji ƙauri, birkin kuma ya rage kamu.

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimta shi ne ba kowane tauri ne cuta ba. Samfurin 504 ya fito a Faransa tun 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, zamanin da ake ƙera mota da sanin cewa direba zai sa ƙafa. Volkswagen Beetle ba ta da busta ko kaɗan, haka aka yi ta. Matashin da ya saba da Corolla, wadda ɗan taɓi kaɗan take tsuke taya, in ya shiga irin waɗannan sai ya rantse birki ya mutu. Sauƙin taku daban, nisan tsayawa daban. Da zarar taya ta kulle tana jan ƙasa, magana ta koma ga robar tayar da kwalta, ga kuma gudu: wanda ya ninka gudunsa daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, nisan da birki zai ci kafin tsayawa ya ninku sau huɗu. A ɗora buhunan albasa a kai, a ƙara da sanƙon taya, nisan sai ya ƙara tsawo.

Man birki kuwa shi ne abin da aka fi rainawa. Yana shan danshi daga iska. Sabon man birki irin DOT 3 sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. Idan ya tafasa tururi ne a layi, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ta kama. Na taɓa buɗe kofin masta na tarar da ruwan sabulu, direban ya ce na wucin gadi ya zuba a hanya, wata uku da suka wuce. Bakin silinda duk ya yi tsatsa. Na ce masa, "Malam, ba zan ba ka makulli ba sai na wanke layin nan gaba ɗaya." Ya yi fushi ya koma gindin dalbejiya ya zauna, ni da yarana biyu muka hau aiki, ɗaya yana taka birki, ni ina kwance a ƙarƙashin motar ina buɗe notin fitar da mai, har man da yake fitowa ya koma garau ana kiran la'asar.