Me ya sa kullum tashar kiɗan matasa ake fara nuna wa yatsa?

Duk sanda aka tada maganar rage kuɗin gidajen rediyon al'umma, sai ka ji ana cewa labarai mun yarda, shirin ilimi mun yarda, amma don me za a ɗau kuɗin jama'a a biya wani ya zauna yana saka waƙa alhali ga Spotify ga YouTube ga tashoshin 'yan kasuwa birjik? Maganar nan tana damuna sosai wallahi.

Ita kanta BBC ai ba don ganin dama ta buɗe Radio 1, tasharta ta kiɗan matasa, ba, matasa ne suka gudu suka bar ta. A 1964 Radio Caroline ta fara watsa kiɗa daga cikin jirgin ruwa a gefen tekun Ingila, yara suka koma can kwansu da kwarkwatarsu tunda BBC ba ta ba kiɗansu wani lokacin kirki. Da gwamnati ta yi dokar hana jiragen a 1967, ranar 30 ga Satumba aka buɗe Radio 1, aka ma kwaso ma'aikatan jiragen irinsu Tony Blackburn da John Peel. Shi Peel ɗin nan har ya rasu a 2004 yana saka waƙoƙin mutanen da ba wanda ya san su, yaro zai aiko masa da kaset ta gidan waya, ya zauna ya saurara, in ta yi masa ya saka wa ƙasa gaba ɗaya.

To wannan shi ne abin da tashar kasuwa ba za ta iya ba, kuma ba laifinta bane, kunnuwanka take sayarwa masu talla, in ta saka baƙuwar waƙa ka murɗa ka bar tashar ta yi asara, shi ya sa za ka ji waƙoƙi 'yan kaɗan ana ta juya su safe da yamma. Manhajar waya kuma abin da ya yi kama da wanda ka riga ka ji take kawo maka. Wa zai ɗau kasadar saka yaron da ya yi waƙa a ɗakinsa? Triple J, tashar matasa ta Ostiraliya, tun 1995 take da shirin Unearthed na tono sababbin mawaƙa, BBC ma ta kawo Introducing a 2007, ka ɗora waƙarka a intanet wani ɗan adam mai kunne ya saurara.

Sai batun kuɗi, inda rigimar take. A Birtaniya lasin talabijin ake biya, a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, shi ya sa babu talla a Radio 1. Jamus kowane gida yuro 18.36 a wata. Faransa ta soke nata lasin a 2022 ta koma cirowa daga harajin kayayyaki, ita kuma ABC uwar Triple J daga kasafin gwamnati take karɓa. Ni tsarin kasafin nan ne ke ban tsoro, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ranar da tashar ta saka waƙar da ta taɓa masu mulki ko ta ba matasa dama suka faɗi abin da ke ransu, almakashi na hannun wanda aka taɓa. Amma shi ma lasin yana da nashi, talaka da mai kuɗi kuɗi ɗaya suke biya, wannan ba adalci bane. Na fi son yadda Finland ta yi tun 2013, haraji na musamman don Yle, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, gwargwadon samun mutum, masu ƙaramin ƙarfi ba sa biya.

Kuma fa ban ce a ba su kuɗi ido rufe ba. Tashar al'umma da ta koma saka abin da kowa ke sakawa ba ta cancanci ko sisi ba.

A 2010 BBC da kanta ta ce za ta rufe wata tasharta ta kiɗa mai suna 6 Music, masu sauraro da mawaƙa suka yi ca, hukumar da ke sa mata ido ta ƙi amincewa, bayan nan ma masu sauraron ƙaruwa suka yi sosai. Sannan akwai wani abu da masu cewa labarai kawai ke mantawa, ɗan shekara 17 ba zai kunna tashar labarai ba ko za ka yi masa me, amma yana jiran waƙa ta gaba a Radio 1 sai shirin labaranta na Newsbeat ya shigo da labarin zaɓe ko lafiyar ƙwaƙwalwa cikin harshen da yake ganewa, ya ji ba tare da ya nema ba. Shi ne kuma nan da shekara goma za a ce ya fara biyan lasin.