Laraba a Katsina: ruwan Meriba

Yau da yamma mun taru a coci a Ƙofar Ƙaura domin nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma dattijon da ya jagorance mu ya buɗe mana Littafin Ƙidaya sura 20. Isra'ilawa suna Kadesh, sun binne Maryamu 'yar'uwar Musa, ga shi kuma babu ruwa. Mu da muke cikin bazarar Katsina, muna dakon mai kurar ruwa tun asuba, mun san irin gunagunin da ƙishirwa take jawowa.

Ubangiji ya umarci Musa ya ɗauki sanda, ya tara jama'a, ya yi wa dutsen magana a gabansu. Musa kuwa ya fusata, ya kira su 'yan tawaye, ya bugi dutsen sau biyu, a wurin da aka kira ruwan Meriba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan ya fito, ya kwararo da yawa, mutane da dabbobinsu suka sha suka ƙoshi, har wanda ya ga abin da idonsa zai ce aikin Allah ya tafi daidai. Amma a aya ta 12 hukunci ya sauka: tun da Musa da Haruna ba su gaskata Ubangiji ba, ba su kuma nuna tsarkinsa a idon jama'a ba, ba su ne za su shigar da su ƙasar alkawari ba. Kafin surar ta ƙare Haruna ya rasu a Dutsen Hor. Musa ya roƙi Allah ya bar shi ya haye Kogin Urdun, Allah ya ce masa ya isa, kada ya ƙara ta da maganar, sai dai ya hangi ƙasar daga Dutsen Nebo, ya rasu yana da shekara 120.

Wani matashi ya ce, “Baba, ashe hukuncin bai yi tsanani ba, ga mutumin da ya sha wahalar jama'ar nan shekara 40?” Dattijo ya amsa cewa a Fitowa sura 17 Allah da kansa ya ce a bugi dutse, amma wannan karon umarnin dabam ne, kuma shugaba ba ya da ikon musanya maganar Allah da abin da ya saba yi. Na yarda da amsarsa, ko da yake zuciyata ta yi nauyi saboda Musa.

Damuwata ita ce yadda muke auna yardar Allah da nasara. Kasuwa ta buɗe, coci ya cika, sai mu ce Allah yana tare da mu, ba mu tambayi hanyar da aka bi ba. Sarki Saul ma ya ci Amalekawa da yaƙi, amma annabi Sama'ila ya faɗa masa an ƙwace sarautarsa, domin ya bar Agag sarkinsu da kyawawan dabbobi da rai, saɓanin umarnin Allah.

Muna shirin addu'ar rufewa sai wata mama daga zumuntar mata ta tuna mana cewa a Matiyu sura 17 Musa ya bayyana tare da Iliya yana magana da Yesu a kan dutse, wato horon bai raba shi da Allah ba. Dattijo ya ba mu Zabura 106 mu karanta a gida kafin Laraba mai zuwa.