Wasiƙa daga Bradford: aikin da aka hana ni nasiha

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ya sanyi? Namu na nan ba a cewa komai, tun ƙarfe huɗu na yamma duhu yake rufawa.

Duk wanda ya kira ni sai ya tambayi aikin da nake yi a Ingila. In na ce ina zama da masu damuwa ne, sai a ce, "Au, nasiha kike musu." Ni ma haka na zata. Ranar da aka fara gwada mu a aji, wata abokiyar karatuna ta zauna a matsayin matar da mijinta ya rasu. Ba ta dasa aya ba na soma: ki yi haƙuri, ki dubi 'ya'yanki, ki nemi danginki. Malamarmu ta tsayar da ni ta ce, "Me ta ce yana damunta?" Wallahi na kasa amsawa. Tana magana, ni kuwa ina can ina haɗa abin da zan faɗa.

Yawancin abin da ake koya mana ya samo asali daga Carl Rogers, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam. A 1957 ya zayyana sharuɗɗa shida da ya ce sai da su zaman yake amfani, uku daga ciki suka fi shahara: ka ji abin yadda mai shi yake jin sa, ka karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma kada ka yi masa fuska biyu. Na tsakiyan ne ya fi ba ni wuya. Magidanci ya zauna gabanki ya ce caca ta cinye kuɗin hayarsa, tarbiyyar gida tana taso miki har maƙogwaro. Na daɗe kafin na gane cewa karɓar mutum daban, yarda da aikinsa daban. Ya riga ya san ya yi ɓarna, ai ita ta kawo shi.

Zama ɗaya minti 50 ne, galibi sau ɗaya a mako. Tun a zaman farko nake gaya wa mutum cewa maganarsa amana ce, sai dai in rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaro. Ni ma BACP, ƙungiyar masu irin wannan aiki namu a nan Birtaniya, ta wajabta mini aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata tare da wata da ta fi ni gogewa, ta duba aikina, ba tare da na ambaci sunan kowa ba. A nan kam sun fi mu. Mace ta faɗa wa aminiyarta ciwon cikinta da hantsi, kafin la'asar unguwa ta ɗauka, wa zai sake buɗe baki?

Amma kada ku ɗauka Aljanna ce. Wasu da ke zuwa wurina rashin mai gaishe su ne kawai ciwonsu. Tun 1953 akwai ƙungiyar Samaritans, wadda masu aikin sa kai suke ɗaukar waya don sauraron wanda ya rasa abokin magana. Mu da ake cika gida a zaman makoki, a dawo sadakar bakwai da ta arba'in, muna da mutanen. Gaggawar cewa "sai haƙuri" ce take rufe wa mai kuka baki tun bai gama ba.

Makon jiya ƙanwata ta kira ni tana kuka a kan kishiyarta. Na danne harshena, "ina jin ki" kawai nake cewa. Ta yi kusan rabin awa, sai ta tsaya ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Yau ba ki yi mini faɗa ba."

A gaida kowa da kowa.

Taku,
daga Bradford